Waƙa ta Goma Sha Bakwai a Faifai na Uku

Saura ƙiris ban rubuta wannan ba. Sau biyu ina cika shafin farko ina yagewa ina hura wuta da shi. A aji shida na firamare karatuna ya tsaya, kuma ni ko a coci aka ce in karanta aya ɗaya, sai muryata ta shige ciki. Amma yanzu duk garin Nausori kowa da irin labarin da yake bayarwa a kaina, har direbobin tasi. Gara a ji daga bakina.

Sunana Torika, shekarata ashirin da huɗu. Asabar ɗin farko ta watan Yuni dangin Ilaitia suka zo gidanmu da tabua, haƙorin nan na babban kifin teku da ake neman aure da shi. Tata, mahaifina, ya karɓa da hannu biyu, ya ce a ba shi wata guda ya ji ta bakin danginsa na ƙauye. Kowa ya san cika al'ada ce kawai. Har Nana, mahaifiyata, ta fara tara tabarmin biki.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka Tata ya ce in Ilaitia ya sake taka ƙofar gidanmu, da adda za su gaisa.

Waƙa ce ta jawo. Ni kuma na jawo waƙar.

*

Shekara biyu ina aiki a gidan Momo Aminiasi a Lami, shara da girki da ba shi magani. Momo a yarenmu kawu ne, kuma haka ake kiran suruki. A Fiji ko wanda bai san fuskarsa ba, ya san sautinsa. Shi ya tsara waƙoƙin da mawaƙan coci suke gasa da su. Shi ya yi wadda ake raka 'yan wasa da ita in za su ƙetare teku. Ya yi kiɗan finafinai goma sha huɗu a Ostireliya, har da tallan biskit ɗin nan da kowa ya haddace ko bai so ba. Da hannunsa na dama ya daina riƙe jita, sai ya tattaro ya dawo gida.

Ilaitia ɗansa ne tilo. A Sidni aka haife shi, can mahaifiyarsa ta rasu, kuma yarenmu a bakinsa kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu masu santsi. Ya zo ne ya haɗa aikin mahaifinsa na shekara arba'in a faifai uku. Kaset-kaset ɗin suna jibge a kwalaye, rabi sun yi fumfuna, rubutun jikinsu ya goge. Ni nake gogewa da auduga, shi yana sakawa. Da ya ga daga bugun farko nake faɗin sunan waƙa, sai ya rufe littafinsa ya ce:

"Ashe ke ce kundin. Ni ɗan dako ne kawai."

Sai da na yi wata uku kafin in iya kallon idonsa. Sauran ba sai na faɗa ba.

Momo yana kwance a asibiti ana duba zuciyarsa ranar da na ciro wani kaset daga ƙasan akwatin jitarsa. Babu rubutu ko ɗaya a jiki. Murya ɗaya, jita ɗaya, ana jin ruwan sama yana dukan kwano. Mai waƙar yana kiran wata bishiya da sunanta, yana cewa tana tsaye a bayan gidan malamin coci, ita ce ƙarama a cikin 'yan'uwanta. Yana roƙonta ta jira shi wata uku, kada ta zubar da furenta.

Kafin ta ƙare na jiƙa gaban rigata.

"An rufe jerin waƙoƙin," in ji Ilaitia. "Gobe zan aika."

"Ka buɗe."

"Tsoho bai ce a sa ta ba."

"Ai bai ce kada a sa ba." Ban taɓa roƙonsa komai ba sai ranar. "Duk waɗannan na mutane ne. Na coci, na fim, na masu biskit. Wannan kaɗai ce tasa."

Ya kalle ni ya daɗe. Ya sa ta, ta goma sha bakwai a faifai na uku.

Kowane dangi a wurinmu yana da bishiyarsa, kuma namiji ba ya kiran sunanta a gaban matan dangin. In da wasa ya kira, matan su taru su tsoma shi a ruwa da kayan jikinsa. In ba da wasa ba ne, ya tona abin da ke tsakaninsa da ɗaya daga cikinsu ke nan. Ta dangin Tata na san ta tun ina yarinya. Ta dangin Nana ban sani ba. Daga tsibirin Kadavu aka auro ta, sau ɗaya aka taɓa kai ni ina jaririya, kuma wa zai faɗa mini sunan da ba a faɗa? Ilaitia kuwa bai ma san da zancen ba.

Ko a nan ba zan rubuta sunan ba.

Wata rana ina wanke rogo a kicin ina rera waƙar ƙasa-ƙasa, Nana tana kankare kwakwa, sai na ji ta ce wash. Ƙarfen ya yanke ta a tafin hannu.

"Ina kika ji wannan?"

"A wurin aiki."

"Kada ki sake yin ta a gidan nan."

Na ɗauka don Tata ne, mai wa'azi ne a cocinmu, ba ya son waƙoƙin duniya. Na ɗaure mata hannu, ban ce mata za a fitar da waƙar a faifai ba. Da na buɗe baki ranar, da duk wannan bai faru ba.

*

Faifan suka fito kwana huɗu bayan an kawo tabua. Gidan rediyo ya bar waƙoƙi hamsin da ɗaya ya kama ta goma sha bakwai, safe da rana.

Ranar Laraba Tata da Nana suna dawowa daga Suva a bas, direba ya ƙure sauti. Wata mata 'yar Kadavu da ke gabansu ta waiwayo ta kalli Nana, ta zunguri ta kusa da ita. Malamin cocin ƙauyensu 'ya'ya mata uku gare shi, kuma kowa ya san wace ce ƙarama.

Tata ya ja igiyar ƙararrawa ya sauka a tsakiyar hanya, ya tako da ƙafa har gida.

Da na dawo daga aiki na tarar da takalman Nei Lavenia a bakin ƙofa. Yayar Tata ce, kuma a gidanmu in ta yi tari kowa gyara zama yake yi. Tata yana zaune a saman tabarma, ƙafafunsa duk laka. Nana tana can jikin bango ta sunkuyar da kai.

"Ga ta nan, mai kunnen zinariya," in ji Nei. "Shigo ki ga abin da kika tono mana."

Na durƙusa. "Nei, me na yi?"

"Me kika yi? Kin ɗauki zanen uwarki kin shanya a gidan rediyo, kina tambaya me kika yi? Bishiyar nan da ake ta kira kamar tallan kifi, ta wa kike zato?"

Na kalli Nana. Ba ta ɗago ba. Hannun da na ɗaure mata yana kan cinyarta, sai a lokacin na gane.

"Mata a kasuwa har sun fara ƙirga da yatsu," Nei ta ci gaba. "Yaushe ya tafi Ostireliya, yaushe aka haife ki."

"Shekara bakwai ne tsakani, Lavenia," in ji Nana a hankali. "Kin sani."

"Ni na sani. Yatsun 'yan gulma ne ba su kai bakwai ba."

Tata ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na san da maganarsa tun kafin in auro ki, Vasemaca. Ran da mutanensa suka shigo da tabua na ce a raina, Peniasi, Allah ya rufe tsohon rami, kada ka tona. Na karɓa da hannuna. Shekara ashirin da takwas ina cewa matata ta manta." Ya juya ya kalle ta. "Yau a cikin bas, gaban jama'a, kina hawaye bakinki yana bin waƙar. Ko kalma ɗaya ba ki kuskure ba."

Nana ta rufe fuska da mayafi.

"Tata, laifina ne," na ce. Kukan ya ƙwace mini. "Ni na samo kaset ɗin. Ni na matsa a sa. Ilaitia bai so ba, Momo ma bai sani ba. Ka dake ni, ka kore ni, amma don Allah..."

"Momo!" in ji Nei. "Ji ta, har ta mai da shi suruki."

"Ba zan zauna tabarma ɗaya da mutumin nan ba," in ji Tata. "Ba zan riƙe jika ɗaya da shi ba. Ranar Asabar za a kai musu amsa."

Na san irin amsar. Tabua ba a mayar da shi haka kawai kamar kwanon aro. In za ka ƙi abin da aka roƙa da shi, sai ka ɗora wani tabua a kansa. Ran da aka ɗora, magana ta mutu, ko sarki ba ya tashinta.

"Kuma daga yau kin bar aikin Lami," ya ce. "In yaron nan ya tako nan, ga addata can."

*

Washegari aka aike ni sayen kalanzir. A bakin tsohuwar gada na ga motar Ilaitia, ashe tun safe yake wurin. Momo yana kujerar gaba, an lulluɓe masa ƙafafu da tawul.

Ilaitia ya fito da sauri. Idanunsa sun yi ja. In ya rikice yarenmu ne ke fara guje masa, sai da ya fara magana sau uku.

"Na kira gidan rediyo. Sun ce za su daina. Amma tana wayar kowa, Torika. Mai gyaran taya ma ita yake ji."

"Ruwa ya riga ya zube."

"To mu tafi. Ina da takardu, wata biyu zan samo miki naki. Mu je Sidni. Can babu wanda ya san wata bishiya."

"Nana fa?"

"In an huce mu dawo mu ba da haƙuri, ai mutane suna yi."

"In bar ta a gidan nan ita kaɗai, da Nei a kanta? A ce uwa ta yi da uba, 'ya ta gudu da ɗa?" Na dafa ƙarfen gadar. "Jiya Tata bai ci abincinta ba. Shekara ashirin da takwas bai taɓa tsallake kwanonta ba, ko yana zazzaɓi."

"To ni fa?" Muryarsa ta karye. "Ni me na yi? Na zo ƙasar nan in tara waƙoƙin tsoho kafin ya mutu, in koma. Ke kika sa na zauna. Na sayar da ɗakina na can. Na koyi zaman tabarma har gwiwoyina suka daina ciwo. Yanzu a ce jibi wani zai shigo da haƙori ya ajiye, shi ke nan in zama baƙo a wurinki?"

"Ka daina, don Allah."

"Ba zan daina ba. Ki ce mini ba kya so, in tafi."

"Ka san ba zan iya faɗa ba."

Muka tsaya muna kuka kamar marayu, motoci suna wucewa ana leƙenmu. Ko hannunsa ban iya riƙewa ba, garin ƙarami ne.

Momo ya ƙwanƙwasa gilashi da hannunsa mai lafiya. Na matsa na durƙusa a gefen ƙofar.

"'Yata, na aika wa mahaifinki da saiwar yaqona ta ban haƙuri da safen nan, in nemi gafara. An dawo da ita ko kwance ɗaurin ba a yi ba."

"Momo, me ya sa ba ka rubuta komai a jikin kaset ɗin ba? Da ka rubuta ko kalma ɗaya..."

Ya juya ya kalli kogin.

"Abin da mutum yake tsoron mantawa shi yake wa rubutu," ya ce. "Na ce mata wata uku. Fim ɗin farko ya ja na biyu, na biyu ya ja na uku. Kunya ta hana ni rubuto wasiƙa, daga baya kunyar ta hana ni dawowa. An ba ni lambobin yabo a kan kiɗan da na yi wa soyayyar ƙarya ta turawa. Guda ɗaya ta gaskiya da na yi, ga abin da ta jawo wa ɗana."

Na ɗauki galan ɗin kalanzir na tafi ban waiwaya ba. Da na waiwaya, da na shiga motar.

*

Ranar Juma'a da hantsi Nei ta dawo, ba ita kaɗai ba. Bayanta Kitione ne, ɗan ƙawarta, soja da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya. Ya riƙo kifi tsawon hannu da kwalin naman gwangwani. Tun bara Nei take yi mini zancensa.

"Torika, kawo wa baƙo shayi. Ki saki fuska, ba makoki ake ba."

Na kawo. Kitione ya cika rabin tabarmar shi kaɗai. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, don ba ni da abin da zan kushe shi da shi.

"Ni dai ba na waƙa," ya ce yana dariya. "Ko a coci baki kawai nake motsawa. Ki tambayi Nei."

"Gaskiya ne, muryarsa kamar an ja tebur," in ji Nei. "Amma gidansa na bulo ne, kuma ba a taɓa jin sunan uwar kowa a bakin ubansa ba."

Da Nei ta shiga kicin da kifin, ya rage murya.

"Na san ba ni ne a ranki ba. Ba zan yi miki dole ba. Amma gobe in an sallami mutanen Lami, Asabar ta sama tabuan gidanmu zai shigo. Za ki iya kallon Tata ki ce masa a'a, bayan abin da ya same shi a makon nan?"

Shi ma ya san amsar. Ban taɓa ce wa Tata a'a ba ko a kan gishirin miya.

*

Da yamma na sami Nana a bayan gida kusa da gonar gwaza. Tana zaune da kwalbar man kwakwa da tsumma, a cinyarta wani tabua ne ja kamar zuma, igiyarsa ta saƙar ɓawon kwakwa. Shi kaɗai ne namu. A ƙasan akwatin Tata yake zama, sau biyu na taɓa ganinsa.

"Shi ya ce ki goge?"

"Shi ya ce. Gobe da safe mijin Nei zai kai."

Na zauna a ƙasa na ɗora kaina a gwiwarta. Rabon da in yi haka tun ina shekara goma.

"Nana, ki yafe mini."

"Me zan yafe? Waƙa kika ji ta yi miki daɗi. Ni ma haka ta yi mini."

"Har yanzu kina sonsa?"

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye yana sauka a kan haƙorin.

"Tsohon nan mai rawar hannu? Na gan shi ran da suka zo, ko gabana bai faɗi ba. Ba shi na yi wa kuka a bas ba, Torika. Wata yarinya na tuna, 'yar shekara ashirin. Duk ranar da jirgin ruwa zai zo sai ta sa fure a kunne ta tsaya a gaɓa. Shekara uku. Yara suna yi mata waƙar tsiya, matan ƙauye suna tambayarta ko wata uku bai cika ba. Ubanki ya zo gyaran rufin coci, ya ji duk labarin, bai taɓa yi mini tambaya ɗaya ba. Ya ɗauke ni daga gaɓar nan. Babu wanda ya taɓa yi wa yarinyar nan kuka, shi ne na yi mata."

"Kin faɗa wa Tata haka?"

"Ya tambaye ni? Mutumin da bai tambaya ba shekara ashirin da takwas, yau zai fara?"

"To ki faɗa ko bai tambaya ba!"

"Da na buɗe baki yake tashi ya fita." Ta ci gaba da gogewa. "Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan ɗin ma ba nasa ba ne. Ran da muka kai ki Kadavu aka nuna wa dangina fuskarki, yayyena suka ba da shi. Suka ce na 'yar ne, a ajiye mata. Da haƙorinki za a kore miki miji."

Na ɗago kaina.

"Nawa ne?"

"Naki ne. Amma ke mace ce, me za ki yi da shi? Tashi ki ɗora tukunya."

Na ɗora tukunya. Rogon ya ƙone, ban ma ji ƙaurinsa ba.

*

Da safe mijin Nei ya iso da farar riga da zanen maza na zuwa coci, mai tasi yana jira a waje. Suka zauna shan shayi, shi da Tata da Nei. Tabuan mutanen Lami yana kan 'yar tabarma a gefen Tata, an shirya za a haɗa su biyu a tafi.

"Vasemaca, kawo ɗayan," in ji Tata.

Nana ta fito daga ɗaki da shi a naɗe. A bakin labule na tare ta na miƙa hannu. Ta kalle ni, na kalle ta. Ta sakar mini, ta fice ta ƙofar baya.

Na shiga da rarrafe. Ban ajiye shi a gaban Tata ba. Na tsaya nesa da shi taku uku, a kan gwiwoyina, na riƙe haƙorin a hannun hagu, igiyar a hannun dama, na miƙa su gaba yadda maza suke yi.

Kofin Nei ya tsaya a iska.

"Ke! Kin haukace? Ajiye abin nan!"

Na kira sunan girmamawa na dangin Tata, wanda ake kira a wurin biki da makoki. Muryar ba ta fita ba. Na sake kira, ta fita kamar ta ɗan tsako.

"Ban iya kalmomin manya ba," na ce. "Wannan ƙaramin haƙori ne, kawunnena na Kadavu suka ba ni. Na kawo shi gaban mahaifina in nemi gafara. Ni na tono waƙar. Ni na kunyata gidan nan, ba Nana ba, ba Ilaitia ba. Kuma ina roƙo da shi..." Na ƙara miƙa haƙorin gaba. "Ina roƙo kada a kai amsar nan Lami. Ban ce a ba ni shi yau ba. Kada dai a kashe maganar."

"Peniasi, ƙwace abinka!" in ji Nei. "Yaushe mace ta fara miƙa tabua? A gidan wa?"

Mijinta ya ajiye kofinsa a hankali. Dattijo ne, shi ake ɗauka duk inda za a yi maganar al'ada.

"Ba a ƙwace tabua, Lavenia. An riga an miƙa, an kira sunan dangi." Ya juya ga Tata. "Suruki, hanya biyu ce. Ko ka karɓa, ka biya mata roƙonta. Ko ka ɗora wani a kansa ka ƙi."

"To ya ɗora mana!"

"Da wanne? Wanda ya rage a gidan nan na mutanen Lami ne. In ya ɗauka ya amsa da shi, ya mai da shi nasa ke nan. Ya ba da 'yar."

Mai tasi ya danna ham a waje.

Tabua nauyi gare shi, wanda bai riƙe ba ba zai sani ba. Kuma ba a saukar da hannu sai an karɓa. Kafaɗuna suka fara zafi, gwiwar hannuna tana rawa, igiyar tana kaɗawa kowa yana gani. Hawaye yana shiga bakina, ba hannun sharewa.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji Tata. "Uwarki?"

"Kai ne, Tata. Tun ina ƙarama nake leƙenka ta bayan labule."

Ya kau da kai wajen taga.

"Hannunki zai gaji."

"Ya gaji."

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san na daina jin yatsuna. Sai na ji tabarma ta yi ƙara, ya matso da gwiwa. Hannunsa mai kaushi na kafinta ya kama igiyar, nauyin ya bar ni. Ya tafa sau uku, mijin Nei ya taya shi.

"Na karɓa," ya ce. "Ban ce na ba shi ke ba."

"Na ji, Tata."

"Kuma ban ce ya zo gidan nan ba."

"Na ji."

"Suruki, ka sallami mai tasi. Ba inda za a je."

Ya miƙe da tabuan a hannunsa. Ya tsaya a tsakar ɗakin kamar wanda ya manta inda ƙofa take, sannan ya bi ta baya, wajen gonar gwaza. Na ji ya ce, "Vasemaca." Sau ɗaya, a hankali. Abin da ya biyo baya ban ji ba.

Ni kuwa na kasa tashi. Hannuwana suna kan cinyata suna ta rawa kamar ba nawa ba. Nei ta harare ni ta daɗe. Sannan ta jawo kofi, ta zuba shayi, ta zuba sukari cokali uku, ta turo mini shi da bayan hannu.

"Sha, marar kunya," ta ce. "Riƙe da hannu biyu, kada ki ɓata mini tabarma."